Lhasa Apso: Ƙaramin Kare Mai Zuciyar Maigadi

Masu kallo, wannan kare da gashi ya lulluɓe tun daga kai har ƙasa shi ne Lhasa Apso, wanda ya samo sunansa daga birnin Lhasa na yankin Tibet da ke nahiyar Asiya. Tsayinsa bai wuce santimita 28 ba, nauyinsa kuma yakan kai kilo 6 zuwa 8, sai dai kada ƙanƙantarsa ta yaudare ku. A gidajen ibadar mabiya addinin Buddha da gidajen manya, aikinsa shi ne gadi daga ciki: manyan karnuka suna tsare ƙofa, shi kuwa da kaifin kunnensa yana sanar da mutanen gida duk wani baƙon motsi. A shekarar 1933 ne Dalai Lama na 13, wato jagoran mabiya addinin Buddha na Tibet a lokacin, ya ba wani Ba'amurke kyautar irin wannan kare, daga nan ya bazu a Amurka.

Wannan tarihi ne ya gina halinsa. Yana shaƙuwa da masu shi ƙwarai, amma ba ya sakin jiki da baƙo, zai tsaya daga nesa yana ƙare masa kallo har sai ya gamsu. Yana da taurin kai, kuma duka ko tsawa ba sa tanƙwara shi, sai haƙuri da ɗan abin taɓawa idan ya bi umarni. Wanda ya shagwaɓa shi saboda kyansa zai ƙare da kare mai yawan haushi, shi ya sa ake saba masa da mutane tun yana kwikwiyo. Bai cika jure wasan yara masu jan gashi ba.

Babban aiki yana ga gashin, domin ninki biyu ne, kuma idan aka kwana biyu ba a taje shi ba yakan cukurkuɗe a bayan kunnuwa da hammata, kaska da ƙuma su sami maɓoya. A ƙasashenmu masu zafi gara a rage shi, a ajiye karen a inuwa da ruwan sha, a fita yawo da shi da sassafe ko da yamma. A ɗaure gashin goshinsa don kada ya riƙa tsokane masa ido. Yakan rayu shekara 12 zuwa 15, amma jinsin yana gadon ciwon ido da na ƙoda, saboda haka idan an kai shi allurar rigakafin haukan kare, a nemi likitan dabbobi ya duba waɗannan biyun.