Kaza Biyu, Lokaci Ɗaya: Inda Sulala Ke Ɓata Mana Girki

[Hoto: tukwane biyu a kan murhun gas. Hannu ya buɗe ta farko.]

Ku dubi wannan. Da safe cikakkiyar kaza ce, da cinyoyinta da fukafukanta. Yanzu ga ƙashi can, ga tsoka nan, kamar an fara dambu aka fasa.

[An buɗe ta biyu. Cokali mai yatsu ya ƙi shiga cinya.]

Wannan kuma tare aka ɗora su, tare aka sauke. Amma in kika kai wa surukinki ita, sai ya tambaye ki laifin me ya yi maki.

Tun bayan Sallah tambaya ɗaya ke ta yawo tsakanin matan gida: minti nawa ake sulala kaza? Wata ta ce goma. Wata ta ce awa guda cur. Har an kusa ba hammata iska a kai. To, ku kwantar da hankalinku, duk su biyun gaskiya suka faɗa. Kowace da irin kazar da ke cikin tukunyarta.

[Hoto: layin 'yan kaji a kasuwa cikin Katsina. Keji, kuka, hayaniya.]

Kaji uku za ki tarar a nan. Ga farar kazar gidan gona, burola. Sati 6 zuwa 8 take yi a duniya. Wato ranar da aka yanka ta, matar da ta haihu ranar ƙyanƙyasarta ba ta daɗe da yin arba'in ba. Ba ta taɓa gudu ba, ba ta taɓa tono a bola ba, ci kawai da kwanciya.

Ga tamu ta Hausa, irin wadda mutanen ƙauye ke ɗaurowa a bayan babur, ko wadda mutanen Daura ke samowa a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi. Kafin ta isa yanka ta yi wata 5 ko 6, wata ma ta haura shekara. Kullum tana tsere da shaho, tana ɓuya daga muzuru.

Ta ukun ita ce mai yaudara. Jar nan, leya, kazar ƙwai da ta gama aiki aka sallame ta bayan kamar shekara ɗaya da rabi. Daga gidan gona ta fito, haka ne, sai uwargida ta ji "gidan gona" ta yi mata lissafin burola. Alhali a tauri ko zakaran unguwa sai ya sara mata.

[Kusa-kusa: babban yatsa yana danna ƙarshen ƙashin ƙirjin figaggiyar kaza.]

In an riga an fige, ba ki san wace ce ba, danna nan, ƙarshen ƙashin ƙirji ta wajen ciki. In ya lanƙwashe, guringuntsi ne, yarinya ce. In ya tsaya ƙyam, kin haɗu da dattijuwa, ki shirya gas.

[Hotuna da sauri: yanka, ruwan zafi, figa, babbaka, wuƙa a kan katako.]

Wannan duk kun iya, ba zan ɓata maku data ba. Abu biyu kawai. In za ki wanke, a cikin roba, a hankali, kada ruwan ya fantsama kan latas da tumatirin da za a ci ɗanye, don ɗanyar kaza kan ɗauko ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Wuƙar da katakon kuma su ga sabulu kafin su taɓa wani abu. Na biyu, naman da aka yanka yanzu yakan sandare na wasu awanni kafin ya saki jiki. In firjinki na da sanyi, bar ta ciki ta huta, ko ta kwana. In kuwa wuta ta yi halin nata, a zafin Katsina na watan Afrilu, kada ki ajiye komai. Ɗora tukunya.

[Albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, kimba, gishiri, dunƙule suna zuba cikin tukunya.]

Kayan ƙamshi kowa da hannunsa. Ni ba na yin kaza babu masoro, ƙanwata kuma ta ce yana tuna mata da jego. Ku wuce wurin.

Ga inda na tara ku.

[Zane mai sauƙi: tsoka, da fararen zare-zare a jikinta.]

Abu biyu ne a cikin kowane yanki na kaza, kuma wuta ba ta yi masu aiki iri ɗaya. Akwai tsoka. Akwai fararen jijiyoyi da tantanin da suka ɗaure tsokar, masana na ce wa sinadarin jikinsu kolajin.

Tsoka kamar jiƙaƙƙen tsumma take. Zafi na matse ta, ruwa na fita. Da zafin cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin salshiyos, ta nuna, ƙwayoyin cuta sun mutu. Duk abin da kika ƙara bayan nan, musamman a ƙirji, matsa ce kawai, shi ya sa ƙirjin kaza ke zama kamar auduga a baki, kina tauna kina neman ruwa.

Jijiya ita kuma lokaci take so. In ta daɗe a ruwa mai zafi, a hankali take narkewa ta koma wani abu mai danƙo. Kin san farfesun ƙafar sa in ya kwana, da safe ki tarar da romon ya daskare yana rawa? To jijiyar ce ta narke ta shiga ruwan. Ita ce ke sa romo ya kama leɓe.

Burola jijiyarta ba ta yi ƙwari ba, ɗan zafi kaɗan ta saki. Tsohuwar kaza tata ta saƙu kamar igiyar kaba. Ashe kenan in kika ba su lokaci ɗaya, dole ɗaya ta cutu.

[Tukunya ta farko: yankakkiyar burola da kayan haɗi, babu ruwa. An rufe.]

Burola. Ku lura da hannuna, ban ɗauki kofin ruwa ba. Ko ɗigo. Rufe tukunya, wuta can ƙasa.

[Bayan ɗan lokaci an buɗe. Ruwa ya taru a gindi.]

Kun gani? Nata ne. Shi zai dafa ta, kuma shi ke riƙe da ɗanɗanon. Minti 10 zuwa 15 ya isa in dai za a soya ko a gasa daga baya, don wutar gaba za ta ƙarasa aikin. Masu cewa kazar gidan gona salam take, yawancinsu sun yi mata wanka ne a cikin tukunya, suka tsiyaye daɗin suka zubar a kwata.

[Tukunya ta biyu: kazar Hausa.]

Ta Hausa ma haka nake fara ta, babu ruwa, kamar minti 10, ta sha kayan ƙamshi. Sannan ruwan zafi, iya wanda zai kai saman naman, kada ya shanye kansa. Da ya tafasa, rage wuta.

Na sake faɗa: rage wuta.

[Kusa-kusa: ruwa yana ɓul... ɓul... a hankali. Muryar ta tsaya na ɗan lokaci.]

Wannan ƙarar nake so ku riƙe. Da yawanmu in kaza ta ƙi nuna sai mu ƙure gas, tukunya ta yi ta bori. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, ko da itacen dajin Rugu kika tula mashi. Ƙarin wutar tururi kawai yake zama, ruwan ya ƙone, ki ƙara wani, romon ya tsinke, kuɗin gas ya tafi. Ta Hausa ki ba ta minti 45 zuwa awa ɗaya, wani zakaran har ya ɗara. Leya kuwa ki ba ta awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ki je ki yi La'asar ki dawo. Mai tukunyar matsi, wadda ke huci ɗin nan, ita zafin cikinta kan kai wajen digiri 120, shi ya sa take gama aikin awa a cikin minti 20 da wani abu.

Kada ki dogara da agogo shi kaɗai. Dubi ƙashin ƙafa: in naman ya ja baya ya bar kan ƙashin a fili, ki kuma murɗa gaɓar cinya ta juya babu gardama, ta yi.

Masu girkin biki da ke haɗa iri biyu a tukunya ɗaya, tsohuwa ta fara shiga. Ko a ɗakin taro ai manya ke fara zama.

[Hoto: ƙwayar magani a tafin hannu. An rufe hannun, an janye.]

Akwai masu jefa farasitamol wai nama ya yi saurin laushi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka, don yana iya illata hanta da ƙoda. Magani ne, ba kayan miya ba. Kanwa ita tana tausasawa, amma tana sauya launi, ga wani santsi-santsi da ni dai ba na so. In sauri kike, goga ɗanyar gwanda ki shafe naman, ki bar shi kamar rabin awa, ki ɗauraye. Akwai sinadari a cikinta mai tsinka jijiya. Kada ki manta da shi dai, in ya daɗe sai ya koma kamar fate.

[Da sauri: an tsame nama a kwando, ya sha iska, ya faɗa cikin mai.]

Tsame, bari ya tsane, mai ya yi zafi sosai, kada ki cika kasko. Launi kawai kike nema. Romon nan kuma a dafa-duka zai ƙare.

[Dare. Fitilar mai gashi, hayaƙi, kaji a baje kan waya, wajen Ƙofar Ƙaura.]

Wannan lissafin shi nake fita da shi in maigida ya ce yau a huta da girki. Kafin na zaɓa sai na ce, "Malam, sannu da aiki. Ta gidan gona ce ko ta Hausa?" Mai gaskiya zai gaya maki, wani ma har ya ɗaga maki ita ki ga tsawon ƙafar.

Ra'ayina, kuma ba dole ku yarda ba: gashi da suyar fulawar nan ta gidajen abinci na zamani, burola ta fi dacewa. Farfesu kuwa sai ta Hausa, ko zabo in an dace. Na taɓa biyan kuɗin farfesun kazar Hausa a wani wuri, aka kawo mani burola tana iyo a ruwan yaji. Ba zan faɗi wurin ba, a bar kaza cikin gashinta.

[An ɓare cinyar gasasshiyar kaza. Jikin ƙashi ya yi ja-ja.]

Wannan jan ma yana tayar da rigima a teburin mai gashi. Sau da yawa ba ɗanyantaka ba ce. Ƙashin ƙaramar kaza bai gama ƙwari ba, sai launin ɓargo ya tsattsafo ya rina naman da ke jikinsa, musamman in ta taɓa daskarewa a firiza. Naman za ki duba. In ya yi fari ko ruwan ƙasa, yana barin ƙashi cikin sauƙi, ci abinki. In yana sheƙi, yana da santsi, yana jan ƙashi kamar roba, miƙa mashi ki ce, "Malam, a ɗan ƙara mata wuta." Bayanta na iya ƙonewa cikinta bai ji komai ba, in harshen wuta aka sa ta maimakon garwashi.

[Mai gashi yana barbaɗa yajin ƙuli, yana naɗewa a takarda da albasa.]

Angwaye kuma, na ga layinku a nan kowace Juma'a da Asabar, kowa da babbar riga da abokai biyu. In kazar amarci ce, don Allah ku tambaya kafin a naɗe. Yarinya ta wuni tana kuka, ga lalle a hannu, kada ku haɗa ta da leya.

[Hannu ya karɓi ƙunshin. Hoto ya ɗauke.]