Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, likitocinmu, nas-nas, iyaye mata da suka baro girki da sana'a suka zo, da ku yaranmu da kuke zaune a layin gaba, sannunku da zuwa. A madadin iyayen yaran da suka sha fama da ciwon daji Allah Ya tashi kafaɗunsu, muna yi maka lale marhabin, mun gode da ka zo yau 15 ga Fabrairu, ranar yara masu cutar kansa, wato ciwon daji, ta duniya.

Yallaɓai ka fi mu sanin alƙaluma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara yara kusan 400,000 ne ke kamuwa, a ƙasashe masu kuɗi sama da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a irin namu kuwa da yawa ba a kai kashi 30 ba, shi ya sa a 2018 ta ɗaura niyyar kai adadin masu warkewa kashi 60 kafin 2030. Toh waɗannan da ke gabanka suna cikin 'yan kaɗan ɗin da suka tsallake, wani kumburin muƙamuƙi ne na kansar da ake kira Burkitt, wata an cire mata ƙoda ɗaya, wani idonsa ne ya fara fari kamar na kyanwa da dare har sai da aka cire.

Amma sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen wahala ba wallahi. Yaro ya koma gida gashi bai gama fitowa ba saboda kemo, wato maganin kansa, 'yan ajinsu sun wuce shi, a unguwa wasu na cewa sammu ne ko iska, wasu su hana 'ya'yansu cin abinci da shi alhali kansa ba a ɗauka, kuma duk zazzaɓin da ya taso gabansa sai ya faɗi ko ciwon ne ya dawo, ga babu sa'ansa ko ɗaya da zai gane me yake ji.

Shi ya sa muka ce a haɗa su a guruf na hira ta waya. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ba manya ne suka zauna a ofis suka tsara musu ba, su muka zaunar da takarda da fensir. Su suka ce saƙon murya suke so don wasu karatunsu ya tsaya. Su suka ce banda hoto, kowa ya zaɓi sunan da za a kira shi. 'Yan mata suka nemi nasu guruf daban. Suka tuna mana cewa wayar ta Mama ce ko ta Baba, sai bayan isha'i take zuwa hannunsu, don haka a sa hira lokacin, kuma ya zama abin da ba ya cin data. Har maganar da ta fi nauyi su suka tayar, in ɗayansu ya rasu wa zai sanar, kuma ta yaya. Mun tsaya a kan nas ce za ta kira iyaye tukuna, ba a jefa labari cikin guruf.

Doka ɗaya ba sassauci, babu mai rubuta wa wani magani ko tallan na gargajiya, tambayar ciwo likita ake miƙa wa. Kuma ba yaron da ke shiga sai da yardar iyayensa da tasa, sirrinsa kuma a kiyaye yadda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanada.

Roƙonmu ranka ya daɗe, a ba mu nas ɗaya da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara waɗanda wannan zai zama aikinsu da albashi, don yanzu sa kai suke yi bayan sun tashi diyuti, a taimaka da kuɗin data, sannan a yi wa makarantu magana su karɓi yaran nan ba tsangwama.

Yanzu yaran za su nuna maka yadda abin yake aiki da hannunsu, dan Allah 'yan jarida a sauke kyamara. Bismillah yallaɓai.