Sirrin tara: na lamba ne ko na rubutunta?

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, da ɗaliban da ke tsaye a baya, ku matso, akwai wuri.

Duk wanda ya yi firamare a garin nan na Katsina ya san dabarar tara. A ba ka 531, ka tara 5 da 3 da 1, ka sami 9, sai ka ce tara za ta raba ta ba saura. Haka ne. Amma abin da ke damuna shi ne muna koya wa yara wannan kamar wata baiwa ce Allah ya yi wa tara ita kaɗai. Ba haka ba ne. Baiwar ta goma ce.

Ga dalili. Goma tara ce da ɗaya. Ɗari kuwa 99 ce da ɗaya, dubu 999 da ɗaya. Ke nan kowane gida, in ka raba shi da tara, ɗaya yake bari. Shi ya sa ɗari biyar take barin biyar, talatin take barin uku. Don muna ɗaure ƙirgarmu goma-goma ne tara ta sami wannan sarauta.

To mu sauya ɗaurin. Ga goro 21 a faifai. Ku kasa shi takwas-takwas: kashi biyu, saura biyar. A tushen takwas, wato ƙirgar da ake ɗaurewa takwas-takwas, sai a rubuta 25, a karanta "biyu, biyar", kada wani ya ce ashirin da biyar. Yanzu tara 2 da 5. Bakwai. Bakwai na raba 21? Tana rabawa, sau uku. Kun gani, rawanin ya koma kan bakwai, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa a faifan ba.

Wani tarkon kuma shi ne cika da mara. Mun saba da cewa lamba in ta ƙare da 2 cika ce. A tushen biyar rubuta 12: kashi ɗaya na biyar, da biyu. Bakwai ke nan, mara ce, ga ta kuma ta ƙare da 2. A nan ne ɗalibai suke zubewa a jarrabawa, kuma wallahi ba laifinsu ba ne.

Dattawan da ke zaune a gaba sun yi wannan lissafi da aljihunsu. Kafin naira ta zo a 1973, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Mutum uku su raba sule, kowa kwabo huɗu, ba gardama. Yau ku raba musu naira ɗaya mu gani.

Akwai kuma abin da sauya tushe ba ya girgizawa. Malaminmu Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimin lissafi, wato murabba'in da ake jera lambobi a gidajensa yadda jimillar kowane layi za ta zo ɗaya. Ku ɗauki mai gida tara, daga 1 zuwa 9: kowane layi goma sha biyar yake bayarwa. A tushen takwas jimillar za ta fito 17, a tushen biyu da kwamfuta ke aiki da shi 1111, amma layukan suna nan daidai da juna.

Ɗiyata mai farin hijabi, na ga hannunki tun ɗazu. A tushen goma sha biyu wa zai gaji tara? Zo ki karɓi alli ki nuna mana.