Ma'aikatan Kwaikwayo a Cikin Kwamfuta: Abin da Gwajin James March Ya Nuna

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai da ɗalibai, ina godiya da wannan gayyata.

Mai nazarin halayyar ma'aikata ba shi da ikon ya sallami rabin mutanen wani ofis, ya jira shekara goma ya ga sakamako, sannan ya mayar da kowa kujerarsa ya sake gwadawa. Wannan ne ya sa masana suka koma ga kwamfuta, inda ake ƙirƙirar ma'aikatan kwaikwayo, a gindaya musu 'yan ƙa'idoji, a bar su su yi ta cuɗanya.

A shekarar 1991, Farfesa James March na Jami'ar Stanford a Amurka ya wallafa irin wannan gwaji. Ya ƙirƙiri ma'aikata 50, kowanne da nasa zato a kan al'amura 30, wani zaton daidai, wani kuskure. Ita ma ma'aikatar tana da nata tsarin, wato abin nan da ake faɗa wa sabon zuwa: "Haka muke yi a nan." Ma'aikata suna koyo daga tsarin, shi kuma tsarin ba ya koyo sai daga waɗanda suka fi shi kusa da gaskiya.

Ina roƙon ku saurari sakamakon da kyau. Idan ma'aikata suka yi saurin rungumar tsarin, nan da nan baki yakan zo ɗaya, amma ilimin ma'aikatar sai ya tsaya cik, domin babu sauran mai wani ra'ayi dabam da za a koya daga gare shi. Idan kuwa suna jan ƙafa wajen karɓa, saɓanin yakan daɗe har tsarin ya tsinci gaskiyar da ke hannunsu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, masu jan ƙafar ne ke gyara tsarin, amma masu saurin ɗauka ne suka fi cin moriyar gyaran. Haka nan, shigowar sababbin ma'aikata jefi-jefi tana taimakawa, ko da yake ba su kai tsofaffi sani ba, saboda ba a riga an rina su ba.

Sai dai kada mu ɗora wa gwajin abin da ya fi ƙarfinsa. Ma'aikacin March ba ya tsoron oga, ba ya neman ƙarin girma, ba ya hassada. Kuma a cikin kwamfutar, tsarin yana gane wanda ya fi shi daidai ba tare da kuskure ba, alhali a ofis na gaske, shugaba ne zai tantance hakan, kuma sau da yawa sunan da yake ba irin wannan ma'aikacin shi ne mai taurin kai.