Darasin Launi a Cikin Bokitin Rini

Assalamu alaikum. Wannan farin ƙyallen auduga ne, yadi ɗaya, mun wanke shi sitaci ya fita. Ga bokiti uku a farfajiyar ajinmu nan Gusau: ja, ruwan ɗorawa da shuɗi. Malaman zane, yau alli zai huta.

Da'irar launukan nan da muke zana wa ɗalibai a allo, masanin kimiyya Niyuton na Ingila ya buga irinta a littafinsa na 1704. Ɗalibi kan haddace ta ya ci jarrabawa, amma ka ce ya haɗa maka kore sai ya tsaya sosa ƙeya. Rini na maganin wannan.

Ku duba. An naɗe ƙyallen, an ɗaure shi tam da zare. Wannan bakin ya shiga ruwan ɗorawa, wancan ya shiga shuɗi. Inda suka haɗu a tsakiya, me ya fito? Kore, alhali babu bokitin kore a nan. Ja da ɗorawa su haifi ruwan goro, ja da shuɗi su haifi shunayya. Kada ka riga ɗalibi faɗa. Bari ya kwance zaren da hannunsa, shi zai kira ka yana cewa, "Malam, zo ka gani!"

A kowane aji sai an sami mai zumuɗin da zai tsoma ƙyallensa a duka ukun. Ni ba na hanawa. Abin da zai fito ruwan ƙasa ne mai duhu, kamar Gulbin Sakkwato da damina. Dalili kuwa, kowane rini akwai ɓangaren hasken da yake shanyewa. Idan uku suka taru, kaɗan ke saura ya dawo ido. Haka ma in ja ya hau kore, ko shuɗi ya hau ruwan goro, domin kishiyoyi ne a da'irar. Ka jera su kusa da juna, kowa ya fito da ɗan'uwansa. Ka gauraya su, duk su dushe.

Yanzu mu zo kan baba, wanda marinanmu suka gada kaka da kakanni. A karofi, ganyen baba da toka ake jiƙawa har ruwan ya nuna. Ku lura da ƙyallen nan da aka tsamo: kore-kore ne. Ku ƙirga ashirin. Kun ga yana juyewa shuɗi? Iska ce ke wannan aikin, shi ya sa marini ke tsomawa yana ɗagawa. Yanka ƙyalle biyar. Na farko tsomi ɗaya, na biyu biyu, har zuwa na biyar. Shanya su a igiya a jere: launi ɗaya ne, amma ya tashi daga kalar sararin sama har ya kusa baƙi, irin na rawanin Buzaye. Darasin haske da duhu ke nan, wanda ya fi ba ɗalibai wahala a takarda.

Fari kuma fa? Mai fenti yana da gwangwanin fari, marini ba shi da shi. Farinsa sai wanda ya ɓoye a ƙarƙashin ɗauri tun kafin ƙyalle ya taɓa ruwa. Don haka dole ɗalibi ya tsara zanensa tukuna, ya fara da launi mai haske, mai duhu ya biyo baya.

Sai dai gangamau ya karya wannan doka. In da shi za ku samo ruwan ɗorawa, ku fara yin shuɗin, ku ɗauraye sosai, sannan gangamau ya hau, domin da ya ji toka sai ya koma ja-ja. In kuwa rinin kasuwa ne mai haɗin soda, kowa ya sa safar hannu, kuma a fili za a yi aikin, ba cikin aji ba.