Sarautar da Ta Jira Mai Ita Shekara 493: Yadda Ake Gadon Baron a Ingila

HOTO: Zauren majalisa a Landan, jajayen kujeru, dattawa cikin jajayen alkyabbu.

Assalamu alaikum jama'a. Tun da gwamnatin Birtaniya ta kai ƙudirin fitar da masu sarautar gado daga majalisar dattawa a 2024, magana biyu ke ta yawo. Wasu na cewa a Ingila mace ba ta gadon sarautar ubanta ko kusa. Wasu na cewa in babu namiji, babbar 'ya ce ke ɗauka. A tsofaffin sarautun baron (baron wani mataki ne na sarautar manyan gidajen Ingila), irin waɗanda suka haura shekara 600, duka maganganun biyu ba su faɗa daidai ba. Mace na gada. Amma in matan sun kai biyu, babu wadda za ta hau, kuma sarautar ba ta mutu ba. Wannan gaɓar ce za mu tsaya a kanta yau. Sauran tarihin kuwa a guje za mu bi shi.

HOTO: Tsohon zanen saƙa, jiragen ruwa da mahaya, sannan taswirar Ingila.

A 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Ƙasa duka ta zama tasa. Ya yanka wa manyan mayaƙansa bisa sharaɗi: in yaƙi ya tashi ku kawo mahaya, in na kira shawara ku zo. Su ne baron-baron na farko, kuma a lokacin ƙasar da mutum ke riƙe da ita daga hannun sarki ita ce sarautarsa. A 1215 magadansu suka tsare Sarki John a Runnymede har ya buga hatimi a yarjejeniyar Magna Carta, aka zaɓi 25 daga cikinsu su sa masa ido. Wannan tsari na sarauta ta hanyar riƙon ƙasa dokar 1660 ta rushe shi, kuma a shari'ar Berkeley ta 1861 majalisar dattawa ta ce mallakar tsohuwar ganuwa ba ta ba kowa kujera.

To, in ba ƙasa ba, me ke mayar da mutum baron? Takarda. Kuma takardun iri biyu ne.

HOTO: Takardun fata biyu a kan tebur. Ta hagu ƙarama, ta dama babba da hatimi yana reto.

Ku dubi ta hagu. Takardar kira ce kawai. A ƙarni na 13, musamman zamanin Sarki Edward na Ɗaya da majalisarsa ta 1295, sarki kan aika wa mutum da sunansa: ka zo majalisa rana kaza, wuri kaza. Shi ke nan. Babu maganar sarauta a ciki, babu maganar 'ya'ya, babu maganar gado.

Ta dama kuwa takardar naɗi ce. Ta farko da aka yi wa baron ita ce ta 1387, lokacin da Sarki Richard na Biyu ya naɗa John Beauchamp baron na Kidderminster. Bai ci moriyarta ba, bawan Allah, domin a 1388 abokan gabar sarki suka sa aka sare masa kai. Irin wannan takarda tana faɗin wanda zai gada, kuma kusan kullum abin da take cewa shi ne maza daga tsatson wanda aka naɗa. In maza sun ƙare, sarauta ta ƙare.

HOTO: Hoton Gwamna Lugga da hular mulki.

Ga wanda muka sani. Gwamna Lugga, wanda ya haɗe Arewa da Kudu a 1914, an ba shi sarautar baron a 1928 da irin wannan takarda. Ya rasu a 1945 bai bar ɗa ba, sarautar ta bi shi. Mafi yawan sarautun Birtaniya haka suke, kuma daga nan ne mutane suka ɗauko cewa mace ba ta gado.

Mu koma kan ƙaramar takardar, domin a nan maganar take.

HOTO: A matso da kyamara kan takardar hagu, a bar ta a allo.

Tun da takardar kira ba ta ambaci magaji ba, lauyoyin da suka zo daga baya suka tambayi kansu: wace ƙa'ida za mu bi? Sai suka ɗauko ƙa'idar gadon ƙasa ta tsohuwar dokar Ingila suka ɗora mata. A 1674, a shari'ar sarautar Clifton, majalisar dattawa ta amince da buƙatar wata mata, Katherine O'Brien, ta tabbatar da cewa duk wanda aka kira da takarda, kuma ya je ya zauna a majalisa, ya samu sarautar da 'ya'yansa za su gada, maza da mata.

Ita kuwa ƙa'idar gadon ƙasar ga yadda take. In akwai ɗa namiji, ko shi ne auta, ya rigayi duk yayyensa mata. In maza suna da yawa, babban ya kwashe duka. In babu namiji sai 'ya ɗaya tilo, ta kwashe duka, ta rigayi baffanta ma, ƙanen uba ko wansa. Ku riƙe wannan, domin a takardar naɗi baffan ne ke ɗauka 'yar tana kallo.

HOTO: Gidan Grimsthorpe daga sama, sannan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953.

Dubi wannan gida a Lincolnshire. Mai shi ya rasu a 1983 yana riƙe da sarauta iri biyu. Babbar, ta Earl na Ancaster, ta takardar naɗi ce, ɗansa namiji kuma ya ɓace a teku tun 1963, saboda haka ta mutu. Ƙaramar, baron Willoughby de Eresby, ta takardar kira ce tun 1313, sai ta sauka kan 'yarsa Jane, wadda tana cikin 'yan matan da suka riƙe wa Sarauniya alkyabba ranar naɗinta. Mutum ɗaya, rana ɗaya, sarauta ɗaya ta faɗi, ɗaya ta wuce.

Yanzu a ce 'ya'ya matan uku ne, babu namiji.

HOTO: Zane mai motsi. Uba a sama, 'ya'ya mata uku a ƙasa, hular sarauta tana tsaye a tsakiya ba ta sauka kan kowa ba.

A tsohuwar dokar ƙasa ta Ingila, babu babba babu ƙarama tsakanin 'ya'ya mata. Doka na ɗaukarsu duka a matsayin magaji guda, kowacce da kasonta daidai da na 'yar'uwarta. Ga ƙasa wannan ba matsala: gona ana ja mata igiya a raba uku, amma rawani ba ya rabuwa, kai ɗaya ake naɗa wa. To haka sarautar baron. Kowacce cikin ukun tana da sulusin haƙƙi, babu wadda ke da shi cikakke, saboda haka babu wadda za a kira da sunan. Sai a jingine sarautar. Lauyoyinsu na kiran wannan hali abeyans.

Mu bi shi a hankali, domin nan ne ake ruɗewa. Sarautar da aka jingine ba ta koma hannun sarki ba. Ba ta tafi wurin baffa ba. Ba ta mutu ba. Tana nan da ranta, a rarrabe cikin jinin mutane. Babbar 'ya ta haifi ɗa namiji? Bai canza komai ba, sulusin uwarsa kawai zai gada. Ta tsakiya ta haifi mata biyu? Sulusinta ya rabu biyu, kowacce ɗaya bisa shida. Ɗaya daga cikin waɗannan ta bar mata uku? Kowacce ɗaya bisa sha takwas. Ana tafiya ana tafiya, bayan shekara 200 sai ka tarar da mutane barjat, wani a Kanada, wani a Ostireliya, kowa na ɗauke da ɓarɓashin sarautar da wataƙila bai taɓa jin sunanta ba.

HOTO: Zanen ya ci gaba da yin rassa har ya cika allo.

Hanya biyu ce ke fitar da ita. Ta farko ta Allah ce: zuriyar sauran ta ƙare, a wayi gari mutum ɗaya ne ya rage da haƙƙin duka, sarauta ta sauka kansa ba tare da roƙon kowa ba. Ta biyu, ɗaya daga cikin magadan ya rubuta wa sarki takardar roƙo. A miƙa ta ga babban lauyan gwamnati, in akwai sarƙaƙiya a tura wa kwamitin majalisar dattawa. Mai nema zai kawo shaidar cewa an kira kakansa, da shaidar cewa kakan ya zauna a majalisa, da shaidar kowane aure da kowace haihuwa daga can har zuwa kansa, sannan ya nuna inda sauran magadan suke. Bayan duk wannan wahalar, sarki na da damar ya ba shi, ko ya ba wani magajin, ko ya bar ta a jingine. Ba dole ne ya zaɓi zuriyar babbar 'ya ba.

HOTO: Kangon ganuwar Codnor, ciyawa ta fito tsakanin duwatsu.

Wannan kango a Derbyshire yake. Henry Grey, baron na Codnor, ya rasu a 1496 bai bar ɗan aure ba. Haƙƙin ya koma kan gwaggwanninsa uku da zuriyarsu, sarauta ta shiga jingine. A wannan shekarar Muhammadu Rumfa ne ke kan gadon Kano. Ba a fito da ita ba sai 1989, aka ba Charles Cornwall-Legh. Shekara 493. Kuma iyalinsa tun 1926 suka shigar da buƙatar, wato neman kaɗai ya ci shekara 63. Ni wannan haƙurin yana burge ni, da kuma al'ummar da ta adana takardunta har za a iya bin zuriya ta shekara 500 aure bayan aure.

Ba ita kaɗai ba ce. Camoys ta kwanta daga 1426 zuwa 1839. De Ros, wadda ake lissafinta daga 1264 kuma ake ɗaukarta babbar yayar sarautun baron na Ingila, sau biyu ta shiga jingine a ƙarni na 20 kaɗai, daga 1939 zuwa 1943, sannan daga 1956 zuwa 1958.

HOTO: Magatakarda da alƙalamin gashin tsuntsu.

Ga wani labari mai daɗi kafin mu wuce. A 1628 aka aika wa James Stanley takardar kira da sunan baron Strange, a zaton sarautar tana hannun mahaifinsa. Ashe tun 1594 tana jingine tsakanin 'ya'ya mata na baffansa. Kuskure ne tsantsa. Amma ya je, ya zauna, daga baya majalisa ta ce ai takarda da zama sun haɗu, an haifi sabuwar sarauta ke nan. Tana nan har yau. Ita ma ta shiga jingine a 1982, aka fito da ita a 1986 aka ba Cherry Drummond.

Ra'ayina a nan bai da ɓoyo. Sarki Edward da ya aika waɗancan takardu, kuɗin yaƙi da shawara yake nema. Yakan kira mutum bana, baɗi ya ƙyale shi, ɗansa ma ba lalle a kira shi ba. Masana tarihi sun daɗe suna cewa lauyoyin ƙarni na 17 ne suka karanta gado a cikin takardar da babu gado a cikinta, kuma ina tare da su. Daga ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 abin ya zama hanyar da mai kuɗi zai ɗauki masu binciken zuriya su tono masa ɗan ƙaramin kaso, ya shige majalisa da sarautar da ta girmi gidansa. Shi ya sa a 1927 kwamitin da Lord Sumner ya jagoranta ya ba da shawarar kada a sake duba sarautar da ta wuce shekara 100 a jingine, ko buƙatar wanda kasonsa bai kai sulusi ba. Ta Codnor ta tsallake ne don ta riga wannan ƙa'ida shiga layi.

HOTO: A koma zauren majalisa, hotuna na bin juna da sauri.

Sauran a taƙaice. Matan da suka gaji sarauta ba su samu zama a majalisar ba sai da dokar 1963. Dokar 1958 ta kawo baron na rayuwa, wanda sarautarsa ke ƙarewa da ransa, kuma su ne mafi yawa a yau. Dokar 1999 ta rage masu kujerar gado zuwa 92. Rasa kujera kuma ba rasa sarauta ba ne, gado na ci gaba yadda yake.

Masu tallar sarautar baron ta Ingila a intanet kuwa, ku riƙe kuɗinku. Dokar 1925 ta haramta cinikin irin wannan sarauta, har an ɗaure wani dillali, Maundy Gregory, a 1933. Abin da doka ta yarda a sayar shi ne laƙabin mai tsohon gandu, kuma wannan ba ya mayar da kowa baron.

HOTO: Zanen 'ya'ya matan uku ya dawo, a gefensa taswirar Sikotlan.

A 2013 Birtaniya ta gyara gadon sarautar ƙasar kanta, ta ce wanda ya riga haihuwa shi ke gaba, mace ko namiji. Gyaran bai taɓa sarautun baron ba, kuma ƙudirorin da aka kai don daidaita su ba su zama doka ba. Don haka yau ma, baron mai takardar kira da ya rasu ya bar mata biyu, sarautarsa za ta shiga jingine kamar yadda ta Codnor ta shiga a 1496. Ina ganin gyaran ba wuya gare shi, domin ga maƙwabta nan: a Sikotlan, in sarauta irin wadda mace ke gada ce, babbar 'ya ke ɗaukarta gaba ɗaya ranar da uban ya rasu, kuma dokarsu ba ta san jinginewa ba.