Me ya sa Baba yake cire na'urar kunnensa?

[Allon waya, saƙon WhatsApp]

Saƙon da ya cika mana waya ke nan. Wai na'urar ji tana maganin cutar mantuwa, kashi 48 cikin ɗari. Ni ma sau uku aka turo mini, ɗaya daga gwaggona.

Lambar gaskiya ce, an dai yanke mata kai da ƙafa. Daga binciken ACHIEVE ta fito, wanda Dakta Frank Lin na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya jagoranta, mujallar Lancet ta buga shi a 2023. Tsofaffi 977 ne, 'yan shekara 70 zuwa 84, aka bibiye su shekara 3. Da aka haɗa su gaba ɗaya, ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka ba na'ura da waɗanda ba a ba su ba. Sai a wani rukuni na mutum 238 da suka fi shiga haɗarin kamuwa da mantuwa aka ga dushewar tunani ta rage gudu da kashi 48. Kuma da masu lafiyar tunani aka fara binciken. Don haka wanda gigin tsufa ya riga ya kama, na'ura ba za ta dawo masa da sunayen jikokinsa ba.

To me za ta yi masa? Ku saurara.

[Baki yana furta kalma biyu]

Fata. Sata.

Kunnen tsoho siraran sautuka yake fara rasawa: sa, fa, sha. Ka ce an sayo fata, ya ji an yi sata. Ga shi dama ciwon mantuwa yana sa zargi. Shi ke nan, gida ya rikice har la'asar. Ihu kuma ba ya gyara komai, murya ce kawai ke ƙaruwa, harafin da ya ɓace yana nan a ɓace. Irin wannan rikicin na'urar ke ragewa, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa dalili.

Matakan farko da sauri. A duba dauɗar kunne, don wani lokacin ita ce ta toshe. A yi gwajin ji a sashen kunne na asibitin koyarwa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. A saita na'urar daidai da sakamakon gwajin. Ta kasuwa wadda ba a saitawa, lasifika ce ƙarama: muryarka da janareton maƙwabci duk ɗaya ta ɗauke su.

Yanzu ga inda ake faɗuwa.

[Hannu yana ɗaga tabarma, na'ura a ƙasa]

An kashe kuɗi, an kawo, an sa wa Baba. Minti goma ya cire ya cusa ƙarƙashin tabarma. Sai 'ya'ya su ce, ai ya ƙi. Taurin kai.

Dakata. Mutumin nan ya yi shekaru bai ji fanka ba. Bai ji cokali a kwanon silba ba, bai ji silifa a siminti ba. Rana ɗaya duk suka faɗo masa. Ƙwaƙwalwa sai ta yi makonni kafin ta sake koyon abin da za ta kama da wanda za ta watsar. Tsoho mai cikakken tunani zai ce, ɗana, abin nan ya yi ƙara. Mai mantuwa ba lallai ya samu kalmar ba. Wataƙila ma ya manta mene ne. Abin da ya sani, wani abu ya shiga kunnensa, kamar ƙwaro. Kai ma cirewa za ka yi.

Cirewar nan ita ce maganarsa. Aikinku ne ku gano abin da yake faɗa.

Ku fara da awa ɗaya ko biyu, a ɗaki shiru, mutum ɗaya yana masa hira fuska da fuska. Lokaci guda kullum, misali bayan karin kumallo, kuma hannun da ya saba da shi ya sa masa. Don Allah kada ranar farko ta zama ranar suna. Ku kalli fuskarsa. Ya yamutsa ta da aka ajiye faranti? Ƙarar ta yi yawa, a koma wajen mai saitawa. Yana sosa wajen? Ku leƙa ko ta goge masa fata. Kuna jin tana fito? Ba ta zauna daidai ba, ko hula ko mayafin Hajiya ya rufe ta. Jan alama kunnen dama, shuɗi na hagu, kuma mu masu lafiyar ma muna juya su.

[Buta da ɗan kwano]

Sai alwala. Ruwa da na'urar ba sa shiri, ga shafar kunne sau biyar a yini. Ku ajiye ɗan kwano ɗaya kusa da buta, nan take sauka, nan ake ɗaukar ta. Akwai kuma igiya mai maƙali da ake kama ta da wuyan riga.

Batir ɗin, ku duba girmansa kusa da ƙwayar magani. Kun gani? Kada ya kwana a faranti ɗaya da magunguna. In aka haɗiye shi, asibiti nan take, ba jiran safiya. Mai caji ta fi kwanciyar hankali, in dai ana kawo wuta a unguwarku.

In ya cire, ban da jayayya. Ku ɗauka, ku dunƙule ta a tafin hannu kusa da kunnenku. Ta yi fito, tana aiki, ku ba shi rabin awa ku sake gwadawa. Ta yi shiru, tun safe toshe kunne kawai Baba yake sanye da shi.